Makaɗanmu a Akwatin Talabijin: Bashin da Ke Wuyan Marubuta

'Yan'uwa marubuta, akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin wasunmu, a wurin taron karatu da wurin hira, wadda muke ganin lokaci ya yi da za a fito fili a ba ta amsa. Maganar ita ce wai shirye-shiryen kaɗe-kaɗen gargajiya da gidajen talabijin suka riƙa nunawa a shekarun 1970 da 1980 ba wani abin a zo a gani ba ne, wai roƙo ne da tumasanci aka ɗauka a hoto, don haka idan sun ɓace an rage mugun iri. Masu wannan magana sukan ƙara da cewa Sakkwato gari ne na alƙalami da tawada, garin Shehu da Abdullahin Gwandu da Nana Asma'u, bai kamata marubucinta ya ɓata takardarsa a kan mai kotso ba. Mu dai ba mu yarda ba, kuma ga dalilanmu.

Bari mu fara da tuna wa matasanmu abin da ake magana a kai, domin da yawansu ba su riski zamanin ba. Talabijin ya fara aiki a Arewa ne a Kaduna a 1962, ya iso Sakkwato a tsakiyar shekarun 1970, sannan a 1977 gwamnatin tarayya ta haɗa gidajen duka a ƙarƙashin hukumar NTA. A lokacin ba kowane gida ke da akwatin ba, kuma tashar ba ta buɗewa sai da yamma. Yara kan cika zauren mai hali ko su yi cirko-cirko a bakin taga. Abin da ya fi tara jama'a shi ne wasan kwaikwayo irin su Idon Matambayi, sai kuma filin makaɗa, inda za a shimfiɗa tabarma ko darduma, makaɗi ya zauna a tsakiya, 'yan amshi su jeru a gefensa, a yi waƙa biyu ko uku, mai gabatarwa ya ɗan yi masa tambayoyi a kan asalinsa da ubangidansa. A irin wannan fili ne talakan da bai taɓa shiga fada ba ya fara ganin da idonsa yadda ake kiɗan sarauta.

Kuma ƙasar nan tamu ce matattarar wannan fasaha. Ibrahim Narambaɗa ya yi wa Sarkin Gobir na Isa Amadu kiɗa. Salihu Jankiɗi ya riƙe sarautar Sarkin Taushin Sarkin Musulmi. Musa Ɗanƙwairo Maradun da Sa'idu Faru da kotsonsu, Muhammadu Bawa Ɗan'anace da kalangunsa na 'yan dambe, Kassu Zurmi na 'yan tauri da mafarauta, Amali Sububu na manoma, Sani Aliyu Ɗandawo a Yawuri, duk 'ya'yan tsohuwar Jihar Sakkwato ne tun kafin a cire Kabi a 1991, a cire Zamfara a 1996. Narambaɗa da Jankiɗi sun riga mu gidan gaskiya tun talabijin bai zo garin nan ba, shi ya sa sai muryarsu muka gada. Amma Ɗan'anace ya kai 1986, Sa'idu Faru ya kai 1987, Ɗanƙwairo ya kai 1991. Wato sun yi zamani da kyamara, kuma duk minti ɗaya da aka ɗauka nasu dukiya ce da ba za a sake samun irinta ba.

To, masu cewa roƙo ne, mun ji. Ba za mu yi musu ba, akwai kirari da zuga da neman doki da riga a cikin waɗannan waƙoƙi, akwai kuma zambo mai zafi da aka yi wa bayin Allah don kawai sun yi takarar sarauta da ubangidan makaɗi. Amma wane adabi ne a duniya bai taɓa cin abincin sarki ba? Mawaƙan Larabawa da muke karantawa a makarantun soro da jami'o'i, irin su Mutanabbi, ashe ba yabon sarakuna suka yi aka ba su dinari ba? Me ya sa yabon Saifud-Daula ya zama darasi, na Sarkin Kudu Macciɗo kuma ya zama abin kunya? Idan kuwa ana maganar ilimi ne, to a cikin waƙar fada ake samun jerin sarakunan gari, da sunayen hakimai da fadawa, da yaƙe-yaƙen da aka manta, da Sakkwatancin da ya fara ƙarewa a bakin yaranmu. Jami'ar Ahmadu Bello ba ta ji kunyar ba Mamman Shata digirin girmamawa a 1988 ba, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kuma ya ƙarar da shekarunsa yana tattara tarihin makaɗa da matanin waƙoƙinsu. Mu ne, masu gajerun labarai da waƙoƙin da ba su wuce mujallar nan ba, za mu ɗaga musu hanci?

Wani zai ce ai kaset ɗin murya ya wadatar, ga su nan a wayar kowa. Ina! Kunne ba ya gaya maka yadda ake rataya kotso, ko yadda ake matse tsarkiyar kalangu a hammata har ya yi magana, ko yadda jagora ke yi wa 'yan amshi ishara da kai su karɓa, ko inda sanƙira ke tsayawa. Ba ya nuna maka naɗin rawanin makaɗi da ɗinkin rigarsa. Marubucin da yake son ya kwatanta ranar hawan salla a fadar wani sarki a 1980 a cikin littafinsa, ina zai dosa idan hoton ya ɓace? Sai ya ƙaga, mai karatu kuma ya haɗiye ƙarya.

Mu leƙa Amurka mu ga yadda wasu suka yi da nasu. Suna da kiɗan mutanen karkara, na manoma da makiyaya, irin wanda Jim Reeves da Don Williams da Dolly Parton suka yi fice da shi, har kasa-kasansu suka cika motocinmu na haya a wancan lokaci. Su ma 'yan bokonsu na birni sun raina shi, suna kiransa kiɗan ƙauyawa. Gidan talabijin na CBS ya fara wani shiri mai suna Hee Haw a 1969, na kiɗa da barkwancin ƙauye, wanda Buck Owens da Roy Clark ke gabatarwa, sai a 1971 ya soke shi tare da wasu shirye-shiryen karkara, don yana neman 'yan kallo matasa na birane. Masu shirin ba su naɗe hannu ba, suka riƙa sayar da shi kai tsaye ga ƙananan tashoshi, ya ƙara fiye da shekara 20 ana yin sabo. Shirin Porter Wagoner, inda Dolly Parton ta shiga a 1967, shi ma ya shekara 20 da 'yan kai. An adana waɗannan shirye-shirye, an maimaita su, an rubuta littattafai a kansu, kuma a birnin Nashville an buɗe wa wannan kiɗa gidan tarihi tun 1967. Mawaƙansu ba su fi Ɗanƙwairo azanci ba. Abin da suka fi mu shi ne sun samu masu ajiya da masu rubutu.

Kuma lokaci ba ya jiranmu. Kaset ɗin bidiyo na wancan zamani, U-matic da Betacam da VHS, zare ne da aka shafa wa garin ƙarfe da danƙo, zafi da raɓa kuwa su ne ajalinsa. A garin da zafin bazara ke haura digiri 40, sannan ga ƙurar hunturu, kaset ɗin da ya shekara 40 a cikin kwali yana bakin kabari. Ga kuma tsohuwar al'adar gidajen talabijin ta goge tsohon shiri a ɗora sabo saboda tsadar kaset, abin da BBC da kanta ta yi har zuwa ƙarshen shekarun 1970. A 2019 hukumar UNESCO ta yi gargaɗi cewa injinan kunna irin waɗannan kasa-kasai suna ƙarewa a duniya, domin an daina ƙera su da kayan gyaransu. Abin da ya tsira ya faɗo intanet kuwa, kun dai gani: guntun hoto a YouTube ko WhatsApp, babu shekara, babu sunan shiri, babu sunan ɗan amshi ko ɗaya, wani lokaci ma an laƙaba wa waƙar sunan wani makaɗi daban.

A nan ne laifin ya dawo kanmu. Injiniya zai iya kwafe kaset, amma ba shi zai zauna ya rubuta matanin waƙa, ya warware kalmomin Gobirci da Zamfarci, ya faɗi wa aka yi wa habaici da dalili ba. Wannan aikin mai alƙalami ne, kuma shekara da shekaru mun bar wa ɗaliban jami'a shi, su rubuta kundi a ajiye a kanta ƙura ta cinye.

Saboda haka muna kira ga ƙungiyarmu da ta tura wakilai gidajen talabijin da rediyo na Sakkwato da Birnin Kabi da Gusau, su nemi a ƙidaya tsofaffin kasa-kasan makaɗa, a rubuta jerinsu, a kwafe su zuwa kwamfuta, a ajiye kwafi a Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu da kuma Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Muna kira ga kowane memba ya ɗauki makaɗi ɗaya, ya nemi 'yan amshinsa da 'ya'yansa da tsofaffin ma'aikatan da suka riƙe kyamara, ya yi hira da su tun suna raye. Muna roƙon editan mujallar nan ya ware shafi biyu a kowace fitowa don abin da aka samo. Duk kuɗin da aikin ya haifar kuma, a fitar wa magadan makaɗan haƙƙinsu, domin yawancinsu ba su taɓa ganin kwabo daga waƙar iyayensu da ake ta turawa a kasuwa ba.

Wanda har yanzu yake ganin wannan aiki ya yi masa ƙanƙanta, ba mu hana shi ra'ayinsa ba, shafin nan a buɗe yake, ya kawo hujjarsa a fitowa ta gaba. Sauranmu kuwa, da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba mu ikon sauke nauyin da suka bar mana, amin.