Kafanchan na tashi, fili na tsada: lissafi kafin ka tura kuɗin fuloti gida

Duk ɗan Kudancin Kaduna da ke neman abinci a Agege, Sabon Ibadan, Lokpanta ko Fatakwal, da wuya a ce bai samu irin wayar nan daga gida ba: "Ka turo kuɗi a kama maka fuloti a Kafanchan, gari na tashi, nan da baɗi ba za ka iya saye ba." Maganar tana da tushe, ruwa ba ya tsami banza. Amma kafin mutum ya sayar da bijimansa ko ya kwashe jarin shagonsa ya tura, ya kamata mu duba abin da ke ɗaga garin, mu ga ko mai ɗorewa ne.

A shekarar 2025 gwamnatin tarayya ta amince a mayar da Asibitin Sir Patrick Ibrahim Yakowa na Kafanchan cibiyar lafiya ta tarayya, irin wadda kuka sani a Abeokuta da Umuahia. A shekarar dai ta karɓi Jami'ar Nok da ke Kachia, wadda kotu ta miƙa wa gwamnati, ta mayar da ita jami'ar kimiyya ta tarayya. Dama can akwai reshen Jami'ar Jihar Kaduna a Kafanchan, ga Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, ga makarantar koyon aikin jinya. Kafin nan kuma gwamnatin El-Rufa'i ta sa garin cikin shirin sabunta birane tare da Kaduna da Zariya, aka shimfiɗa tituna a cikin gari, aka kafa masa hukumar raya birni a 2021.

Yadda wannan ke shiga aljihun mutane ba boyayye ba ne. Likita, nas, malamin jami'a da akawu duk masu albashi ne, kuma yawancinsu baƙi ne da za su nemi gidan haya. Ɗalibi na neman ɗaki. Mai jinya da ya kawo mara lafiya daga Kwoi ko Gwantu na neman inda zai kwana. Bayansu sai mai kemis, mai abinci, ɗan acaɓa da mai keke. Mai gida na ganin haka zai ƙara kuɗin haya, mai gona a bakin gari kuma zai yanka ta fuloti-fuloti. To amma gini ba ya saurin da buƙata ke yi. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 komai na gini ya haukace. Buhun simintin da ake saye wajen naira 5,000 a 2023 ya kai 10,000 a wurare da yawa farkon 2024, rodi da kwano suka bi shi. Shi ya sa haya ke riga gidaje tashi, fili kuma yana riga haya, domin mai sayen fili gobe yake hange.

A nan ne ya kamata mu tuna yadda Kafanchan ta zama gari tun farko. Jirgin ƙasa ne ya yi ta. A 1927 layin da ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Makurdi ya haɗu a nan da na Kaduna da na Jos. Kamfanin jirgi ya gina tasha, wurin gyara da gidajen ma'aikata. Ibo, Yarabawa, Hausawa da mutanen ƙauyukan kewaye suka taru. Har fadar Sarkin Jama'a sai da ta taso daga tsohon mazauninta ta dawo Kafanchan a 1933. Tsofaffin fatake abokan mahaifina har yau suna ba da labarin lokacin da ake loda shanu a tarago a sauke su a Umuahia, babu shingen hanya, babu kuɗin tirela. Da jirgi ya durƙushe, sai garin ya durƙushe tare da shi. Wanda ya je ya ga tashar da gidajen ma'aikatan a yau ba sai an yi masa dogon bayani ba. A watan Maris 2021 Buhari ya ƙaddamar da gyaran layin Fatakwal zuwa Maiduguri, wanda ta Kafanchan zai bi. Zuwa 2024 guntun Fatakwal zuwa Aba ne ya fara aiki.

Darasin shi ne, garin da ya jingina da ma'aikata ɗaya, ranar da ta tashi ko ta mutu, darajar gidajensa na bin ta. Mutanen Kakuri a Kaduna sun ɗanɗana haka da masaƙar KTL ta rufe a 2002, sauran masaƙu suka bi baya. 'Yan uwa na Legas kuma kun ga ɗaya fuskar: farkon 2024 aka ce hedikwatar hukumar filayen jiragen sama ta koma Legas daga Abuja, Babban Bankin Najeriya ma ya mayar da wasu sassansa can. 'Yan majalisar Arewa sun yi ta ƙorafi, amma an tafi. Abin da sa hannun mutum ɗaya ya kawo, sa hannun wani na iya rage shi. Ban ce za a ɗauke asibiti ko jami'a ba, waɗannan sun fi ofis wuyar ɗauka. Sai dai yawan ma'aikatan da za a ɗauka, da gine-ginen da za a yi, duk suna hannun kasafin kuɗin Abuja, kuma mun san yadda ake sakin kuɗin nan, yau da ƙwari gobe shiru. Ga yajin aiki, wanda in ya zo ɗalibai sukan watse wata da watanni su bar ɗakuna a kulle.

Dukiyar da ta fito daga ƙasar kanta ita ce citta. Najeriya na cikin manyan masu noman citta a duniya, kuma kaso mafi tsoka daga Kachia, Jaba, Kagarko da maƙwabtansu yake fitowa. Kuɗin citta ne ke sayen bulo da kwano a yankin tun kafin a yi maganar jami'a. A daminar 2023 wata cuta ta faɗa wa gonaki ta ruɓar da citta a cikin ƙasa, manoma suka tafka asara, iri ya yi tsadar da ƙaramin manomi bai iya saye. Ko a shekara mai kyau ma, yawanci fere ta ake yi a shanya, a loda tirela sai tashar jiragen ruwa ta Legas. Niƙa, tacewa da zubawa a mazubi, inda riba da aikin yi suke, a wani wuri ake yi. Haka shanu da nonon Ladduga, a tsaye suke fita. Ranar da kuka ji an kafa masana'antar sarrafa citta ko madara a Kafanchan kuma tana samun wuta, ranar ce tashin garin ya samu ƙafa ta biyu.

Akwai kuma abin da dillalan fili ba sa son a taɓo, alhali shi ne ya fi komai yanke farashi. Kafanchan ta ga rikici a 1987, ta gani a 1999, ta ga mafi muni a watan Afrilu 2011 bayan zaɓen shugaban ƙasa, lokacin da babbar kasuwa ta ƙone, aka rasa rayuka a gari da Zonkwa da Matsirga. A 2016 hare-hare suka auka wa Godogodo da Goska. Musulmi sun binne nasu, Kirista sun binne nasu. Abin da ya biyo baya shi ne kowa ya ja jiki ya koma inda yake ganin nasa sun fi yawa, mutanen ƙauye da aka tarwatsa kuma suka shigo gari neman ɗaki. Don haka wani ɓangare na tsadar da ake gani tsoro ne ya haife ta. Kusan kasuwar fili biyu ce a gari ɗaya: wani wuri ana turereniya a kan ɗan ƙaramin fili, wani wuri ga fili da araha amma mutum na shakkar ya gina. Ku da kuka ga abin da ya faru a Shasha a watan Fabrairu 2021 kun san yadda shago mai tsada ke zama toka a dare ɗaya. Duk mai fuloti a Kafanchan, jarinsa na rataye da zaman lafiya tsakanin Hausa-Fulani da Fantswam, Kaninkon, Bajju da Kagoro, ko ya so ko bai so ba.

Wannan ya kai mu ga maganar takarda. Filayen bakin gari yawanci gonakin gado ne na iyalai. Ɗa ɗaya zai iya sayar maka, bayan shekara biyu 'yan uwansa su taso su ce ba da yawunsu ba. Ka ga rigimar mutum biyu ta koma ta ƙabila, don kawai mai saye da mai sayarwa ba addininsu ɗaya ba. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamna, a Jihar Kaduna kuma hukumar KADGIS ce ke rajista da ba da takardar shaidar mallaka. Takardar da mai unguwa ya sa wa hannu tana da amfani a matsayin shaida, amma ranar da za a fitar da titi ko a biya diyya, ta gwamnati ake tambaya. A kara an koya mana ba a cinikin biri a sama. Ba wanda ke biyan kuɗin sa bai duba haƙoransa ba, bai ga tafiyarsa ba, bai san dillalin da ya tsaya a kai ba. Me zai sa mu biya miliyoyi a kan hoton da aka turo ta WhatsApp?

Kada kuma mu manta da wanda tsadar ke faɗa wa. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne tun watan Yuli 2024, kuma mai tura baro, mahauci da mai sayar da ƙosai ko wannan ba su da tabbacinsa. In haya ta tashi saboda likita ya zo, su ake ba takardar tashi, kuma cikinsu akwai ƙannenmu da iyayenmu. Mu da muka san zafin biyan hayar shekara guda a dunƙule, ga kuɗin ejan, ga kuɗin yarjejeniya a Legas, bai kamata mu kai wannan ɗabi'ar gida ba.

To, a saya ko kada a saya? Ni dai ina ganin wanda ke da rara ya saya, amma da sharaɗi. Zuwa da kai ya fi aike: ka je ka taka filin, ka ga maƙwabta, ka tabbatar duk magada sun sa hannu gaban mai unguwa da shaidu na ɓangarori biyu, sannan ka bi ta KADGIS ko da zai ɗauki lokaci. In za ka gina, ɗakuna masu banɗaki a ciki da rijiya ko burtsatse sun fi katafaren gida saurin samun ɗan haya, domin ɗalibi da nas ne kasuwar. Ka yi lissafin shekara nawa haya za ta mayar maka da kuɗin gini, ka kwatanta da abin da kuɗin nan zai juya maka a kara ko a shago. Kada ka taɓa uwar kuɗi. Fili ba ya sayuwa ranar da ka matsu, sa kuwa ko da daddare ka kai shi kara za ka samu mai saye.

Ƙungiyoyinmu na 'yan Jama'a da ke Kudu ma suna da aikin yi. Maimakon kowa ya yi ta kansa, a haɗa kuɗi a ɗauki lauya da safiyo guda da za su riƙa tantance fili kafin ɗan ƙungiya ya biya. A kuma riƙa tambayar 'yan majalisarmu inda aka kwana a maganar layin dogo, wutar lantarki da irin citta mai jure cuta, domin su ne za su sa fulotin da aka saya yau ya yi daraja nan da shekara ashirin. Allah ya ba mu zaman lafiya, ya sa mu ci guminmu a gida da waje.