Ladan Kuturu: Wa Ke Biyan Kuɗin Muhawararmu?



Akwai kukan da muka saba ji har ya zama kamar gaisuwa: muhawara ta lalace, an daina kawo hujja, kowa zagi ya iya. Gaskiya ne. Amma da an tashi neman dalili sai a ɗora wa tarbiyya, a ce yaran yanzu ba su da kunya, a tashi taro. Mu ba mu yarda a nan maganar ta tsaya ba. Muhawara tana cin kuɗi kamar yadda gona take ci, kuma wanda ya zuba kuɗin shi ne yake faɗar abin da za a shuka. Tambayar da ake gudu ita ce: wa yake biyan kuɗin muhawarar da ake yi da Hausa a yau, kuma me yake so a ba shi?

Mu fara da abin da ya faru a ƙofar gidanmu. Mu da muke rubutu daga Fammar, a ƙaramar hukumar Kibiya, cikin shekara biyar an sauya mana lissafin sarauta sau uku. A watan Mayun 2019 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta kafa sababbin masarautu huɗu, Rano da Gaya da Ƙaraye da Bichi, aka sa Kibiya cikin ƙananan hukumomi 10 na Masarautar Rano. A watan Mayun 2024 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta soke dokar, aka mayar da kowa ƙarƙashin Kano. Wata biyu bayan nan aka dawo da Rano a matsayin masarauta mai daraja ta biyu, da ƙananan hukumomi uku: Rano, Bunkure da Kibiya.

Wace irin gona ce marubuci yake nema da ta wuce wannan? Rano tana cikin Hausa Bakwai. Sarkinta ake wa kirari da Autan Bawo. Tarihin Kano ya ambaci Sarkin Rano tun zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14. Ga dokoki nan a rubuce, wanda ya so ya karanta. Ga tambayoyi birjik: wa yake naɗa hakimi a kowane tsari? Daga wace lalita ake ciyar da fada? Manomin da rikicin iyakar gona ya kai shi gaban dagaci, me ya ƙaru da shi, me ya rasa? Duk ɓangaren da mutum ya ɗauka, akwai hujjar da zai iya kafawa.

To me muka gani a wayoyinmu? In ka ce Rano ta cancanci sarki mai cin gashin kansa, an gama da kai, ɗan Gandujiyya ne. In ka ce haɗin kan Kano ya fi, ka sa jar hula ke nan. Hotuna da habaici da tonon silili suka cika ko'ina. 'Yan ƙalilan da suka zauna suka yi rubutu mai ma'ana, hayaniya ta danne su. Ƙura ta lafa, kuma ɗalibin da zai zo nan da shekara ashirin yana neman abin da mutanen ƙasar Rano suka ce game da masarautarsu, zagi zai fi tararwa.

Ruwa ba ya tsami banza. Akwai masu biyan kuɗin wannan hayaniya.

Na farko ɗan siyasa. A Kano ba baƙon abu ba ne a sayi fili a gidan rediyo a tura sojojin baka su kare ubangida su yarfa abokin hamayyarsa. Da waya ta shiga hannun kowa sai sana'ar ta haifi ƙanenta, waɗanda ake kira 'yan data. Sunan kaɗai ya faɗi ladan. Yaron da aka tura wa kuɗin data ba a tura masa don ya gano gaskiya ba, kuma ranar da ya ce abokin hamayya ya yi daidai a wuri kaza, ranar abincinsa ya ƙare. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Na biyu kamfanonin da muke rubutu a kan shimfiɗarsu. Facebook da TikTok da X talla suke sayarwa, ribarsu kuwa tana ga daɗewar idonka a kan waya. Ba abin da yake riƙe ido kamar faɗa. X ya fara raba wa masu rubutu kuɗin talla a 2023, Facebook kuma ya buɗe wa 'yan Nijeriya irin wannan ƙofa a 2024. Ma'aunin biyan shi ne yawan waɗanda suka kalla. Wanda ya yi sati biyu yana nazarin littafi ya fitar da tarke mai shafi uku, mutum nawa za su karanta? Wanda ya zagi marubucin littafin cikin layi biyu kuwa, kafin magariba ya tara jama'a. Matashin da yake kallon wannan ba wawa ba ne, ya san inda riba take.

Na uku mu da kanmu, kuma nan ne abin takaicin. Mai rubutu a ƙauye yana sayen data, yana biyan kuɗin caji a shago, wani lokaci sai ya nemi tudu kafin saƙo ya tafi. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi da kashi 50 cikin ɗari, muka yi gunaguni muka ci gaba da saye. Ashe dai biya muke yi, kullum. Sai dai ko sisi daga cikin kuɗin nan ba ya zuwa hannun wanda zai karanta rubutunmu da idon basira ya ce mana ga inda ya karkace.

A da ma biya ake yi, amma a duba abin da kuɗin yake saye. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a watan Janairun 1939, Abubakar Imam yana edita. Mai karatu yana ajiye kwabonsa, hukuma tana ɗaukar sauran nauyin, kuma akwai mutumin da albashinsa ke nan: ya karanta wasiƙar da aka aiko, ya auna ta, ya ga ko ta isa shiga jarida.

Mu matso kusa, ga abin da ya shafe mu kai tsaye. A shekarun 1990 an tafka muhawara a kan littattafan soyayya na Hausa, a jaridar Nasiha da kuma shafin adabi na New Nigerian ta ƙarshen mako, wanda Ibrahim Sheme yake kula da shi. Ibrahim Malumfashi ya kira littattafan Adabin Kasuwar Kano, ya soke su ba sassauci. Yusuf Adamu da Abdalla Uba Adamu suka tsaya suka kare su. An yi zafi, an yi gugar zana, ba wanda ya ce waliyyai ne. Amma mutum da sunansa yake fitowa. Sai ya karanta abin da aka ce, ya zauna ya rubuta amsa, ya aika, ya jira fitowar jarida. Kafin amsar ta kai ga jama'a fushi ya huce, hujja ta rage. Ga kuma edita a tsakani, wanda ba zai ɓata takarda a kan ashar ba. Shi ya sa har yau masu nazari a jami'o'i suke komawa ga waccan muhawara. Wace cece-ku-ce ta bara ce za a koma wa?

Wani zai ce, to ai magana ta ƙare, gwamnati ta kawo kuɗi, ko a nemi wani attajiri ya ɗauki nauyi. A'a. A farkon shekarun 1940 Turawan mulkin mallaka sun yarda a riƙa zaman tattaunawa a Bauchi, inda Sa'adu Zungur da Abubakar Tafawa Ɓalewa suke halarta, Malam Aminu Kano yana sakatare. Zungur ya caccaki tsarin mulkin En'e a gaban jami'an Turawa. Da Malam Aminu ya tambayi ma'aunin da ake yanka albashin sarki da shi, sai aka tashi zaman, ba a daɗe ba aka rufe shi gaba ɗaya. Mai tabarma ya naɗe kayarsa. Ita kuma New Nigerian, jaridar gwamnati ce, da masu ita suka yi sakaci ta durƙushe, shafin adabin ya bi ta. Zauren da mutum ɗaya yake biya wa haya, ranar da aka taɓa shi ranar za a sa kwaɗo.

Kuma ba kiran a koma jiya muke yi ba. A wancan zamani mutum nawa daga Fammar ko Tarai ko Rurum suka taɓa ganin sunansu a shafin adabi? Mata nawa? Waya ta buɗe ƙofar da takarda ta rufe wa mutanen karkara, wannan alheri ne. Abin da ya salwanta a hanya shi ne alƙali, da lokacin tunani, da ladan mai karatun tsanaki. Su ne za mu saya da kuɗinmu.

An taɓa yin irinsa. Lokacin da kamfanonin ɗab'i suka juya wa matasan marubutan Kano baya, su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu da Ɗan'azumi Baba ba su zauna jiran gwamnati ba. Sun haɗu a ƙungiyar Raina Kama, suka buga littattafansu da kansu, suka kai kasuwa. Su sun haɗa ƙarfi don a buga littafi, mu kuma abin da ya rage mana shi ne mu haɗa don a karanta shi da gaske.

Ga abin da muke kira a yi. Kowace ƙungiyar marubuta ta buɗe asusun tarke, a tsarin da iyayenmu mata suka ƙware a kai, wato adashe. Mutum 50 in kowa ya zuba naira 500 a wata, an tara 25,000. A zaɓi littafi ɗaya ko gajeren labari ɗaya. A ba mutum biyu masu saɓanin ra'ayi mako biyu su karanta su rubuta. A naɗa edita wanda zai mayar wa mutum rubutunsa in ya bar littafi ya koma kan mai littafi, ko ya yi da'awa ba tare da nuna shafi ba. A ba marubucin mako guda ya amsa. A biya su ukun, masu tarke da edita. A ƙarshen shekara a tattara a buga, ko da ɗan ƙaramin littafi ne. Sharaɗi biyu ba sassauci: ma'aji ya riƙa bayyana abin da ya shiga da abin da ya fita kowane wata, kuma kada a karɓi gudummawar mutum ɗaya da ta fi zubin sauran, ko shi wane ne.

Za a ce babu kuɗi. Mu da muke tura ɗari uku ko ɗari biyar don a sa mu a layin karanta littafin kuɗi a WhatsApp? Mu da datar mako ɗaya ta fi zubin wata? Za a ce kuɗi zai ɓata mai tarke. Kuɗin marubuci ne yake ɓata shi, shi ya sa muka ce daga asusun kowa za a biya, kuma wanda aka samu ya karɓi katin waya daga mai littafi a sallame shi. Za a ce tarke yana kashe gwiwar sabon marubuci. Abin da yake kashe shi shi ne 'yan amshin Shata, masu cewa “ya yi daɗi, a ci gaba” tun daga babi na ɗaya har na tamanin, ba wanda ya gaya masa tauraruwar labarin ta sauya suna a tsakiya. Tun 2016 BBC Hausa take gudanar da gasar Hikayata, wasu gasannin ma sun biyo baya, kuma sun fito da marubuta. Ina gasar masu tarke? Mun cika kasuwa da masu dafawa, babu mai ɗanɗanawa.

Ku da kuke shirin shiga wannan harka, ku sani alƙalaminku yana da masu saye tun kafin ya ƙware. Zaɓe yana zuwa, za a neme ku, kuma kuɗin da za a nuna muku ya fi abin da asusun tarke zai iya ba ku. Ba mu isa mu hana kowa neman abinci ba. Amma wanda ya saba rubuta abin da aka biya shi ya faɗa, ranar da ya zauna rubuta labarinsa zai tarar hannun ya saba da yi wa wani aski.

Wanda yake ganin kuskure a wannan lissafi, ga fili ga mai doki. Ya karanta, ya kwana a kai, ya zo da hujjarsa da sunansa. Wanda kuma ya gamsu, ya tayar da maganar asusun a taron ƙungiyarsu na wannan wata, ya fara ajiye ɗari biyar ɗinsa.

Allah ya sa mu dace.