Makiyayin da ya rasa garke, buhun hatsi kaɗai ba ya warkar da shi

A wannan fitowa muna so mu yi magana a kan baƙinmu da tashin hankali ya koro suka ƙetaro iyaka, musamman waɗanda suka baro gida babu ko ɗan maraƙi a gabansu.

Kowa ya san yadda abin ya faro. A 2012 yaƙin arewacin Mali ya koro jama'a zuwa jihohin Tilaberi da Tawa. Daga 2013 rikicin Boko Haram ya turo mutanen Borno zuwa jihar Difa, har aka buɗe sansanin Sayam Forage a ƙarshen 2014. A 2019 kuma ƴan bindiga suka koro dubun-dubatar mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa ƙauyukan bakin iyaka na jihar Maraɗi, inda daga baya aka matsar da wasu zuwa Ɗan Daji Makau da Garin Kaka da Cadakori domin a nisanta su da iyaka. A cikin waɗannan jama'a akwai manoma, akwai ƴan kasuwa, akwai kuma makiyaya irinmu, Fulani da Buzaye da Larabawa da sauransu. Tun 1969 ƙasashen Afirka suka amince a Adis Ababa cewa duk wanda tashin hankali ya kora daga ƙasarsa ya cancanci mafaka, saboda haka karɓarsu haƙƙi ne.

Muna godiya ga gwamnati, da hukumar ƴan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya wadda muka fi sani da HCR, da ƙungiyoyin agaji, domin sun kawo hatsi da tanti da ruwan sha da magani. Muna kuma jinjina wa talakawan ƙauyuka, domin su ne suka fara buɗe rumbunansu kafin motar agaji ta iso. To amma akwai wani ciwo da ba a ɗaure shi da bandeji, kuma shi ne dalilin wannan rubutu.

Wanda bai tashi cikin shanu ba yana ganin saniya dukiya ce kamar kuɗi a aljihu, in ta tafi sai a nemi wata. Mu kuwa mun san da saniya ake aure, da ita ake yi wa jariri kyauta ranar suna, da ita ake raba gado, kuma kowace tana da sunanta da tarihin uwarta da kakarta. Mace kuwa ƙwaryarta da nononta da man shanunta su ne kasuwarta da mutuncinta. Dattawanmu ba su manta farin 1973 da na 1984 ba, sun ga mazaje da suka rasa garke suka daina magana, suna zaune ƙarƙashin itace suna kallon gabas. Na yanzu ya fi wancan zafi, domin fari yakan ci dabba ya bar iyali, amma wannan mutum a gabansa aka kora shanun da bindiga, ko kuwa da hannunsa ya kai su kasuwa ya sayar da araha domin ya biya kuɗin fansar ɗansa, wani ma ya biya ɗan bai dawo ba.

Saboda haka za ka ga magidanci ba ya barci, da ya ji ƙarar babur sai ya zabura. Za ka ga yaro ɗan shekara goma ya koma fitsarin kwance, ko ya daina wasa da tsaransa. Za ka ga mai jego ta daina cin abinci, jaririnta yana kuka ba ta ko waiwaya. Samari kuma da suka saba bin shanu tun asuba, yau babu abin bi, wasu sun faɗa shan taramol. Akwai matar da mijinta ya ɓace, ba a ga gawa ba, ba a yi jana'iza ba, ba ta san ko ta shiga takaba ko ta ci gaba da jira ba. Duk waɗannan ciwo ne, kuma suna da magani.

Masu agaji sun gane haka, har suna turo ma'aikata na musamman domin su saurari mutane su kwantar musu da hankali. Niyyar tana da kyau, sai dai hanyar ce wani lokaci ba ta dace da mu ba. A kira dattijo mai furfura cikin ɗaki shi kaɗai, a zaunar da shi gaban yarinya sa'ar jikarsa, da tafinta wanda bai san ɗan wa ba ne, a ce ya faɗi abin da ke cikin zuciyarsa. Me zai ce? Zai ce lafiya lau, sai godiya. Ma'aikaci ya rubuta cewa babu matsala, a kira na gaba. Alhali tun yana yaro aka koya masa cewa namiji ba ya raki, haƙuri da kunya su ne fulaku, ciki kuma ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji Hausawa, amma sai wanda ya san fuskar.

Haka abin yake wajen rajista. A ce wa mace ta faɗi sunan mijinta da na ɗanta na fari a bainar jama'a, ta sunkuyar da kai ta yi shiru, sai a ɗauka tana ɓoye wani abu, alhali alkunya ce. A tambayi makiyayi shanu nawa ya rasa, shi kuwa bai saba faɗin yawan garkensa ba ko ga ɗan'uwansa. Gidanmu kuma ba miji da mata da ƴaƴa biyu ba ne kamar yadda takarda ta tanada. Akwai kishiya, akwai ɗan riƙo, akwai marayan ƙane, akwai tsohuwar da babu mai ita sai mu. In takarda ta raba su, an ƙara wa mai ciwo wani ciwon.

An taɓa gwada wata dabara mai kyau a ƙasar nan. A 2013, a Intikan cikin jihar Tawa, an ware fili mai faɗi inda makiyaya ƴan gudun hijirar Mali suka zauna tare da dabbobinsu, suna kiwo suna shayarwa, maimakon a tsare su cikin sansani. Rashin tsaro ya zo ya ɓata wannan tsari daga baya, amma darasin yana nan: makiyayin da ya tashi da safe ya sami abin kora zuwa daji, rabin lafiyarsa ta dawo. Dokar makiyaya ta ranar 20 ga Mayu 2010 ita ma ta ce yawon kiwo haƙƙi ne na asali ga makiyayi, to ai kuwa wanda ya tsira da ƴan dabbobinsa bai kamata a ce ya zaɓa tsakanin katin abinci da kiwo ba.

A nan muna kira ga masu agaji da abubuwa huɗu. Na farko, su bi ta hannun arɗo da liman da dattawan mata kafin su shiga kowace rugga, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na biyu, mace ta saurari mace, dattijo ya saurari dattijo, cikin harshen da mutum ya sha a nono, Fulatanci ko Tamashek ko Barbarci ko Hausa, kuma tafinta ya zama mai riƙon asiri wanda jama'a suka yarda da shi. Na uku, a kai maganar inda mutane suke zama da ma, bakin rijiya da gindin itace da wurin daka, domin a nan ne zance yake fitowa da kansa. Na huɗu, tun da likitocin ƙwaƙwalwa kaɗan ne kuma yawancinsu suna manyan birane, a ƙara horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci na karkara su gane wannan ciwo su yi maganinsa, kamar yadda shirin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2008 ya tanada.

Sai kuma namu nauyin, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kakanninmu sun bar mana haɓɓanaye: ka ba ɗan'uwanka aron saniya, ya sha nono, ta haihu a hannunsa, ya riƙe ƴaƴan ya mayar maka da uwar. Har ƙungiyoyin agaji sun ari wannan al'ada suna raba jajayen awakin Maraɗi ta wannan hanya. Ashe mu masu abin ne za mu bar shi? Duk wanda Allah ya bar wa garke, ya ware karsana ɗaya ko tunkiya biyu ya ɗaura wa baƙo. Ku kuma fatake da dillalai na kasuwannin Gidan Rumji da Dakoro da Abalak, ku ɗauki samarinsu aikin kora da lodi da kiwo, ku biya su haƙƙinsu cikakke. Kada ku sayi dabbar mai gudun hijira da rabin kuɗi don kun ga ya matsu, kuma kada ku sayi dabbar da ba ku san asalinta ba, domin mai sayen shanun sata shi ke ciyar da bindigar da ta koro waɗannan bayin Allah.

Mu kuma kiyaye harshenmu. Wasu da sun ga Bafillace ya ƙetaro daga Zamfara sai su ce ɗan'uwan ɓarayi ne, alhali shi ma ɓarayin ne suka raba shi da komai. Wannan zargi shi ke sa mutum ya ƙara rufe baki ya ƙi zuwa asibiti. Wanda aka kama da laifi, hukuma ta yi aikinta a kansa shi kaɗai.

Wasu daga cikinmu suna cewa wannan duk aikin malam ne, iskoki ne, sai rubutu da tofi. Ba mu raina addu'a ba, ita ce makamin mumini, kuma malamai ne za su warware wa matar da mijinta ya ɓace hukuncin aurenta. Amma kamar yadda muke yi wa shanu addu'a kuma mu kai su allurar ciwon huhu, haka za mu haɗa malam da likita. Ɗaure mara lafiya da mari ko igiya ba magani ba ne, wulaƙanci ne. Farfaɗiya tana da ƙwayoyi a asibiti, kuma ba a ɗaukarta ta hanyar taɓa mai ita. In kuwa kuka ji mutum yana cewa gara ya mutu ya huta, kada ku ɗauka wasa ne, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da igiya da makami da maganin kaska daga kusa da shi, a kai shi asibiti a ranar.

Ƴan'uwa, abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Wanda yake karɓar baƙo a yau bai san inda zai kwana gobe ba. Muna roƙon shugabannin rassanmu su karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba wannan saƙo a ranar kasuwa, su kuma rubuto mana sunayen ruggagen da suka fara haɓɓanaye ga baƙi domin wasu su yi koyi. Allah ya yaye mana wannan fitina, ya mayar da kowa gidansa lafiya, ya ba mu damina mai albarka da yalwar ciyawa, amin.