Kango ba ya zama jingina

Duk wanda ya bi hanyar Maraɗi zuwa Ɗan Issa, ko ya ratse ya shiga cikin garin Madarunfa, ba zai rasa ganin gidajen da aka fara gyara aka tsaya ba. An rushe ɗakin laka da nufin maida shi na siminti, bulo ya kai wuyan taga, ƙarafa sun yi tsatsa a sama, iyali kuwa sun takure a ɗaki guda suna jiran ranar da za a kafa kwano. Da yawa daga cikin masu waɗannan gidaje ƴan kasuwa ne, kuma kuɗin da ke kwance cikin ginin jarinsu ne.

Mun san yadda abin ke faruwa. Ciniki ya yi kyau, sai mutum ya ciri wani abu daga jari ya kira magini. Sai kasuwa ta juya. Nijeriya ta rufe iyakarta daga watan Agusta na 2019 har Disamba na 2020, sannan takunkumin CEDEAO na 2023 ya sake datse hanyar Jibiya har farkon 2024. Wanda abincinsa ke kan wannan hanya, a irin wannan lokaci ba siminti ne a gabansa ba. Da jari ya yi ƙasa sai tunani ya zo: ai ina da gida, bari in kai shi banki in karɓo bashi. A nan ne mutane da dama ke shan mamaki.

Banki ba ya tambayar nawa ka kashe. Abin da yake son sani shi ne, idan ka kasa biya aka kai gidan gwanjo, nawa za a saye shi. Don haka yake turo masanin ƙima ya duba fili, ya duba ginin yadda ya same shi, ya cire abin da mai saye zai kashe kafin ya shiga, ya kuma cire ɓarnar da ruwa ya yi wa bangon da ya kwana damina biyu ba rufi. Abin da ya rage, wani kashi nasa kawai banki ke bayarwa. Shi ya sa gidan laka mai rufi da ƙofa, wanda za a iya zuba ƴan haya a cikinsa gobe, kan fi kangon siminti daraja a idon mai ba da bashi, ko da kangon ya ci miliyoyi.

Sai kuma maganar takarda, wadda ta fi ta ginin nauyi. Dokar jingina ta OHADA da Nijar ke aiki da ita, wadda aka sabunta a 2010, ta ce gidan da aka yi wa rajista ne kaɗai ake iya ɗora wa jinginar banki, wato mai titir fonsiye. Takardar sayen fili daga hannun mai gari, ko ta hukumomin COFO da dokar karkara ta 1993 ta kafa, suna da amfani ƙwarai wajen kashe rigima da shaida mallaka, amma ba su kai titir ba. Tun 2006 gwamnati ta fito da hanya mai sauƙi ta samun titir ɗin da ake kira Sheda. Duk da haka za ka ga mutum ya sayi tan biyar na siminti bai taɓa zuwa ya tambayi kuɗin takardar ba.

Idan banki ya ƙi, sai a nufi ƙananan asusun ba da bashi ko wani mai kuɗi a kasuwa. Iyakar kuɗin ruwa da ƙasashen sefa suka yanke wa irin waɗannan asusu daga 2014 ita ce 24 cikin 100 a shekara. Ke nan wanda ya riƙe miliyan ɗaya shekara guda ana iya neman jikka 240 a kansa bayan uwar kuɗi. Idan hatsi ko atamfa aka saro da bashin, ana juyawa ana biya. Idan bango aka ƙara da shi, bango ba ya kawo ko dala har sai an rufe shi. Malamai sun sha yin bayani kan kuɗin ruwa, kuma ko Bankin Musulunci na Nijar mutum ya je, sai an tambaye shi lamuni.

Muna so iyayenmu mata na kasuwa su saurara da kyau. Sau da yawa kuɗin adashe, ko rabon asusun Mata Masu Dubara, tsarin da aka faro a nan jihar Maraɗi a 1991, shi ke sayen kwano da ƙofofin gidan miji. Taimakon maigida abu ne mai kyau. Amma idan aka jinginar da gidan, ko aka zo rabon gado, sunan da ke kan takarda ake dubawa. Ki sa a rubuta abin da kika zuba, bashi ne ko kyauta, a gaban shaidu biyu. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Shawararmu ga ƴan kasuwa ita ce, kada a cire rufin da ake da shi sai kuɗin sabon rufi na hannu. A gama ɗaki ɗaya, a rufe, a sa ƙofa, kafin a haƙa harsashin na biyu. A fara da shagon bakin hanya idan akwai, hayarsa ta gina na ciki. A ware kuɗin gini daga jari, a kuma nemi takarda tun kafin buƙatar bashi ta taso. Ambaliyar 2024 da ta rushe dubban gidaje a jiharmu ta sa kowa na son siminti, kuma ragin farashinsa da gwamnati ta yi a watan Oktoba na 2024 ya ƙara wa mutane ƙwarin guiwa. To amma siminti ba shi kaɗai ne gini ba, akwai ƙarfe, katako, kwano da ladan magini.

Su ma hukumomi akwai nasu. Ya kamata ma'aikatar magajin garin Madarunfa da ofishin kula da filaye su riƙa zuwa ranar kasuwa suna bayyana wa jama'a da Hausa matakan samun titir da kuɗinsa. Bankuna kuma su faɗa wa mai neman bashi ƙimar da aka yi wa gidansa da dalilinta, kafin ya sa hannu.

Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Allah ya rufa mana asiri, ya sa albarka a kasuwancinmu.