Gidan Tarihin Hasken Rana: A Damƙa Wa Ɗalibai



A watan Satumban 2019, ɗaliban jami'o'i daga ƙasashe daban-daban suka hallara a garin Ben Guerir na Maroko, suka gina gidajen da ba su da wata wuta sai ta rana. Gasar Solar Decathlon ce, wadda Amurka ta fara a 2002, ta kuma sauka Afirka karon farko. Abin da ya burge ni shi ne yadda aikin ya tilasta wa mai karatun zanen gini zama da mai karatun lantarki, alhali a jami'a ko gaisuwa da ƙyar take haɗa su.

To, me zai hana mu ɗora wa namu ɗaliban irin wannan aiki, su zana mana gidan tarihin makamashi mai rahusa? Abin nunawa dai ba mu rasa ba. Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa, ya yi shekaru yana jagorantar ofishin binciken makamashin rana a Yamai, inda aka ƙera murhu da na'urar ɗumama ruwa masu aiki da rana. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ma tana da cibiyar binciken makamashi a Sakkwato. Amma ina ɗan firamare zai je ya ga waɗannan kaya da idonsa?

Sharaɗina guda: ginin kansa ya zama darasi. Kada a kafa mana gidan gilashi, janareta na ruri a bayansa, a ce wai ana koyar da sola. Wannan ai abin dariya ne. Duk wanda ya taɓa shiga soro da tsakar rana a watan Afrilu ya san aikin da katangar ƙasa mai kauri take yi. A ginin masallacin garin Dandaji ma, bulon ƙasa masu zanen ginin, Mariam Issoufou da Yasaman Esmaili, suka zaɓa, kuma magina na gari suka yi aikin. Ɗalibai su sauke girman kai, su durƙusa gaban sarkin magina.

Sannan kada a rubuta "kar a taɓa". A ajiye faifan sola ɗaya a tsakar gida, a bar ƙurar hunturu ta lulluɓe shi, a haɗa masa fanka. Yaro ya zo, a miƙa masa tsumma ya goge, ya ga fankar ta ƙara gudu.