Dodon George Romero ba daga kabari ya fito ba

Ranar 16 ga Yuli, 2017, George Romero ya rasu a birnin Toronto yana da shekara 77. Har yau in na ambaci sunansa a majalisar 'yan boko, sai a taɓe baki, a ce ai mai fim ɗin gawawwakin nan ne da ke tashi suna cin naman mutane, shirme kawai. Wannan raini kuskure ne, kuma mu ne ke asara.

A 1968 Romero ya fitar da Night of the Living Dead, wanda ya ɗauka a ƙauyukan kusa da Pittsburgh ta Amurka da kuɗin da bai kai dala 120,000 ba. Jaruminsa, Duane Jones, baƙar fata ne, a shekarar da aka kashe Martin Luther King. A cikin labarin ya kwana yana kare wani gidan gona daga matattu, har kowa ya halaka sai shi. Da gari ya waye, 'yan sintiri fararen fata suka hango motsi ta taga, ba tambaya ba bincike suka harbe shi, suka jefa gawarsa a wuta. Matattu ba su iya da shi ba. Rayayyun da tsoro ya rufe wa ido su suka gama da shi.

Ban fahimci wannan ƙarshe ba sai da na tuna ƙuruciyata a Yalwa, can ƙasar Rano da Kibiya. Akwai wata gyatuma a unguwarmu, ba ɗa ba jika. Wani yaro ya kwanta da zazzaɓi, cikin magagi ya kira sunanta. Shi ke nan, aka ce mayya ce ta kama kurwarsa. Aka fito da ita tsakar rana ana jifa, aka tilasta mata tsallaka shi. Ina cikin yaran da suka yi ihu. Yaron ya warke bayan an kai shi asibiti, ita kuwa ba wanda ya sake sayen daddawarta har ta bar duniya.

To, me finafinanmu na ban tsoro suke yi da irin wannan labari? Tun daga Turmin Danya a 1990 masana'antar Kano ta yi nisa, amma in an zo fagen tsoro, galibi sai aljani mai jan ido da boka da hayaƙi. Mafi muni, labarin kan ƙare da tabbatar wa mai kallo cewa tsohuwar da ake zargi mayyar ce. Wanda ya taso yana kallon haka, gobe shi zai fara ɗaukar dutse.

Wasu za su ce fim ɗin tsoro baƙon abu ne gare mu. Ina dodon tatsuniya da kakanninmu suka raine mu da shi? Tsoro ya daɗe yana koyar da tarbiyya a ƙasar Hausa. Abin tambaya shi ne wa ake nuna wa yatsa.

Ba na neman a kwaikwayi gawawwakin Romero; ba namu ba ne. Ƙarfin halinsa nake so mu ara. Ina jiran daraktan da zai ajiye kyamara a ɗakin gyatumar nan, mu ji takun jama'a na matsowa daga waje, mu leƙa tare da ita mu ga fuskokinmu.