A Karkarar Dambatta Baƙar Riga Ba Ta Ɓoye Kowa

1/ Yau da masu buga Dungeons & Dragons nake, musamman waɗanda Baldur's Gate 3 ta jawo tun 2023. Kowa ya ɗauki Rogue, da ya kai mataki na 3 sai ya ruga ya zaɓi Assassin, ko tunani babu. Ni na ce ragwanci ne. Ku biyo ni a hankali, masu zagi ku bari in gama.

2/ Ga wanda bai san wasan ba: tun 1974 aka fito da shi a Amurka. Ana zama a tebur ko kan tabarma, mutum ɗaya ya ja labari, sauran kowa ya riƙe jaruminsa. In za ka yi abu mai haɗari, sai ka jefa ƙwaya irin ta ludo amma mai fuska 20. Rogue shi ne mai sanɗa, gwanin buɗe makulli da shiga inda ba a gayyace shi ba.

3/ A littafin 'yan wasa na 2014, Rogue yana zaɓar reshe a mataki na 3. Akwai Thief, ɓarawo mai saurin hannu da hawa katanga. Akwai Arcane Trickster mai ɗan siddabaru. Sai Assassin, makashi. Littafin Xanathar na 2017 ya ƙaro wasu huɗu, ciki har da Scout, ɗan daji, da Mastermind, mai kitsa dabara.

4/ Me ya sa kowa ke son makashin? Hoto ne kawai. Baƙar riga, rufaffiyar fuska, wuƙa biyu, tsayuwa kan rufin bene cikin ruwan sama. Wannan mafarkin biranen Turai ne na cikin fim. To malam, jagoran wasanku ya ce labarin a karkara irin tamu zai faru, tsakanin Dambatta da Makoɗa da Kunci. Ina rufin benen?

5/ Mu fara da doka kafin mu zo ƙauye. Ƙarfin Assassin na 2014 a zagayen farko yake. In ka riga abokin gaba motsawa, ka jefa ƙwaya biyu ka ɗauki mai yawa. In kuma mamayarsa ka yi, bugun da ya same shi yana ninka ƙwayoyin rauni. Da an shiga zagaye na biyu, ka koma Rogue na gama-gari.

6/ Mamayar kuma ba taka ba ce kai kaɗai. Doka ta ce wanda bai lura da wata barazana ba shi ne aka mamaya. Abokinka mai sulken ƙarfe yana biye da kai yana ƙara kamar kwanukan amarya sun zube. Da an ji shi, shi kenan, ƙarfinka ya tafi.

7/ Sai ka ce to bari ka tafi kai kaɗai. Nan ne matsalar da ta fi ba ni haushi. Mutum huɗu sun bar aikinsu, wani ya sha kuɗin mai daga Bichi, sun zauna minti 40 suna kallonka kana rarrafe a bayan katanga. Ɗaya ya koma danna waya, ɗaya ya ce ana nemansa a gida. Haka ake kashe majalisar wasa.

8/ Kuma asalin reshen ma ba na arziki ba ne. A bugu na uku da ya fito a 2000, Assassin aji ne na musamman da ake shiga daga baya. Sharaɗinsa jaruminka ya zama mugu, kuma ya kashe wani ba don komai ba sai don a karɓe shi cikin ƙungiyar makasa. Tun farko ba a gina shi don tafiya da abokai ba.

9/ Yanzu mu zo gida. Karkarar da ke kewaye da Kano tana cikin wuraren da manoma suka fi cunkoso a Afirka ta Yamma, masana irin su Michael Mortimore sun daɗe suna rubutu a kanta. Gona na manne da gona, gida na hangen gida. Da wuya ka samu fegin da ba shi da mai shi.

10/ Da rani, bayan an girbe gero da dawa an tattara kara, fili ne fetal. Kuka can, ɗorawa can, gawo can. Mai baƙar riga a wannan filin kamar ƙuda ne a cikin nono. Da damina dawa ta fi mutum tsawo, gaskiya ne, amma lokacin ne kowace gona ke cike da mutane tun asuba.

11/ Da dare kuma? Karnuka za su fara, zabi su karɓa, sannan 'yan sintiri da tocila. A wannan zamanin na rashin tsaro, duk wanda aka gani yana sanɗa fuska a rufe ba ya kai wa ga yin bayani. Jagoran wasan da ya san ƙauye ba zai bar ka ka wuce da jefa ƙwaya ɗaya ba.

12/ Da rana ma ba ka tsira ba. Ka sauka daga babur, kafin ka gyara hula wani dattijo ya tambaye ka: ɗan gidan wa? Wurin wa ka zo? Baƙo in zai kwana, sai mai unguwa ya sani. Kuma baligin namiji iyakarsa zaure. Wannan dokar ta fi kowane kwaɗo tsare gida.

13/ To su wa ke yawo ba mai tambayarsu? Yarinya mai tallan fura. Dillaliya da ƙunshin atamfa. Mai kitso. Wanzami ranar suna. Ɗan koli da ke zagaya ƙauyuka. Ranar Lahadi a kasuwar Dambatta, mutum riƙe da igiyar akuya ya fi mai layar zana ɓacewa. A nan ɓuya shi ne a gan ka kuma a manta da kai.

14/ Tarihinmu ma haka ya nuna. Kafin Turawa su ci Kano a 1903, sun daɗe suna tara labarinta. Mutane irin su Adamu Jakada ne suka kai musu, suna shiga ta ƙofa da rana tsaka da sunan saƙo da fatauci. Ba yabonsa nake ba. Hanyar nake so ku duba.

15/ Shi ya sa nake cewa ku ɗauki Mastermind. Tun mataki na 3 yana da kayan ɓad-da-kama, kayan ƙirƙirar takardu, da ƙarin harsuna biyu. Babbar kyautar ita ce in ya saurari mutum minti ɗaya, zai iya kwaikwayon karin harshensa har a ɗauka ɗan yankin ne.

16/ Ku tsaya ku auna wannan a ƙasar Hausa. Mu da daga “shina nan” da “yana nan”, daga “mi” da “me”, mun gane daga ina mutum ya fito. Jarumin da zai zama Bakatsine da safe, Badauri da yamma, ya yi Fulatanci a ruga, ya fi wuƙa goma amfani a labarin da aka kafa a nan.

17/ A fagen faɗa kuma Mastermind yana taimakon abokinsa daga nisan ƙafa 30 ba tare da ya rasa nasa bugun ba, kuma kowane zagaye. Shi yana nuna wa mai sulke inda zai sara. Kowa a tabarma yana da abin yi. Kwatanta da makashin da ke neman kowa ya tsaya baya ya yi shiru.

18/ Na san abin da za ku ce: ai Assassin ma yana da kayan ɓad-da-kama a mataki na 3. Haka ne. Amma gwanintarsa ta ƙirƙirar sabon suna da asali sai mataki na 9, da kwana 7 da zinare 25. Kwaikwayon wani mutum kuwa sai mataki na 13. Majalisa nawa ke kai wa can kafin jarrabawa ko damina ta watsa ta?

19/ Wasu za su ce an gyara shi a littafin 2024. An gyara, yanzu yana da saurin fara motsi da ƙarin rauni ba sai da mamaya ba. Amma har yanzu ƙarin raunin na zagayen farko ne, kuma har yanzu amsarsa ga kowace matsala gawa ce. A ƙauyen da kowa dangin kowa ne, gawa ɗaya ta rufe muku ƙofar gari bakwai.

20/ Ban ce Mastermind ne na ko'ina ba. In labarin a cikin birni ne, lungunan Kurmi da soraye, ɗauki Thief ka hau katanga. In a dajin Falgore ne, ɗauki Scout. Ka tambayi jagoran wasa inda za a kafa labarin kafin ka zaɓi reshe. Abin da nake yaƙi da shi shi ne zaɓa saboda hoton da ka gani a TikTok.

21/ Abin da ya fi ci min rai: mu ne jikokin masu tatsuniyar Gizo. Gizo ba ya fin zaki ko kura ƙarfi, da baki yake cin su, da gaisuwa da kirari da ƙaryar da aka shirya da kyau. Mun gaji wannan jarumin kyauta, sannan mu je aron wani mai baƙin mayafi da ko zafin watan Afrilu ba zai iya ɗauka ba.

22/ Jagororin wasa, ku ma da aikinku. Ku sa mai unguwa ya yi tambaya. Ku sa yara su bi baƙo da kallo. Ku sa tsohuwa ta gane takun ɗan gidan wane. In kuka yi haka sau biyu, 'yan wasanku da kansu za su ajiye wuƙar su ɗauki faifan talla.

23/ Masu Assassin, fili naku ne. Ku gaya min yadda jaruminku zai shiga gidan dagaci da rani, da rana, ba tare da ya bar abokansa suna hamma ba. Ina jira a ƙasa.